Allon Disamba

Disamba ta shigo Valparaíso da zafinta,
na fito da allo ƙofar shago, na goge na bara da gefen riga.
Shekara goma sha tara ke nan ina jawo wa kaina wannan rigima:
fayafayai biyar, guntun alli ɗaya,
da sababbin masu ɗauke kai in mun haɗu a kasuwa.

Na biyar na yaran tudun Cordillera ne,
su uku, jita biyu, gangar aro.
A garejin kawun ɗayansu suka naɗa,
kana jin firji yana gurnani a ƙarƙashin kowace waƙa.
Wani ya ce aibi ne. Na ce a bar shi,
firjin ya fi mai gangar riƙe kiɗa.

Na huɗu, Fresia Quilodrán.
Da rana tana yankar tikiti a keken da ke hawa tudu,
da dare ta rungumi akodiyon ɗin kakarta
mai maɓallai biyu da suka mutu tun ba a haife ta ba.
Waƙa tara ta gina tana kewaye su,
kamar mai tafiya a ɗakinta cikin duhu,
ta san inda kujera take.

Na uku sai a saurare na shida ya kama ni.
Ƙarfe kan ƙarfe, 'yan dakon tashar jiragen ruwa
suna dukan kwantena bayan an tashi aiki.
Kare ya yi haushi a tsakiya, ba su cire ba.

Na biyu na Baltasar ne, wanda gobara ta cinye wa gida.
A ajin makarantar da aka tsugunar da su
ya naɗa da waya, murya ƙasa-ƙasa don jarirai na barci.
Kwafi tamanin kacal, kowane bango da hannu aka zana.
Na sayar da saba'in da takwas,
ɗaya na ajiye, ɗaya aka sace,
ban ma bi ɓarawon ba.

Sai na ɗaya.
Kwana uku gurbin yana fayau.
Ermelinda mai kifi ta ce, allinka ne ya ƙare ko ƙarfin halinka?
Ta san komai, garin nan matattakala ne,
abin da aka faɗa a sama da safe yana ƙasa kafin rana ta take.

Nibaldo Cárcamo.
Shekara ashirin da biyu ba mu gaisa ba,
a kan amfilifaya ɗaya da waƙar da kowa ya ce shi ya fara.
Yanzu muryarsa ta tsage kamar tsohon kwalekwale,
ruwa na shiga, amma ba ta nutse ba.
Shi da jita kawai, waƙa bakwai.
A ta huɗun ya yi shiru na numfashi takwas
daidai inda nakan shigo da tawa jitar a da.
Na ɗaga allura, na mayar, na sake ɗagawa.
Na nemi aibu har asuba, kamar mai neman allura a rairayi.
Ranar wanka ba a ɓoyon cibi:
na rubuta.

Da yamma sai ga shi yana haurowa, yana haki,
da ledar burodi a hannu.
Ya tsaya gaban allon, ya daɗe.
Bai dube ni ba ya ce, ka manta ɗigon da ke kan sunana.
Ya miƙo hannu.
Na ba shi allin.